Sauya wa Kwamfuta Rumbu Ba Tare da Fomatin Ba

Alamar farko ja ce. Mai kwamfuta zai buɗe wurin fayilolinsa ya tarar sandar da ke ƙarƙashin C: ta rikiɗe daga shuɗi ta koma ja, abin da Windows ke yi da zarar sararin da ya rage a rumbun ajiya ya gaza kashi 10 cikin ɗari. Daga nan wahala ta fara ke nan. Sabuntawa ta ƙi sauka, bidiyon biki ya ƙi shiga, a kunna na'ura a je a yi alwala a dawo ba ta gama farkawa ba.

Laftof ɗin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin waɗanda ke jere a shagunan titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, da yawansu ɗayan biyu ne. Ko dai suna ɗauke da tsohon faifai mai juyawa, mai yalwa amma mai nawa, ko kuma ƙaramin rumbun zamani, SSD, mai gigabait 128 ko 256, mai sauri amma mai saurin cika. Windows kanta tana cinye gigabait masu yawa, kuma tun daga 2019 takan keɓe wajen gigabait 7 don sabuntawa. A ɗora CorelDRAW da Office da hotunan shekara biyu, shi ke nan wuri ya ƙare.

Shawarar da aka fi ji a bakin masu gyara ita ce a sayi sabon SSD babba a yi fomatin, a zuba Windows daga farko. Ga wanda ba ya komai da kwamfutarsa sai kallon fim, babu laifi. Amma a dubi mai shagon buga takardu. A cikin na'urarsa akwai direbar firinta da ya sha wuya kafin ya samu, da salon haruffan Larabci da na boko masu ƙugiya, da manhajar lissafi wadda wanda ya saka masa ita ya daɗe da barin gari, da kalmomin sirri da burauza ta riƙe masa har shi kansa ya manta da su. Fomatin a wurinsa na nufin kwanaki ba ciniki, da sayen data mai yawa, da wasu abubuwan da ba za su dawo ba har abada. Irin wannan mutum ne ya fi kowa buƙatar sanin cewa akwai wata hanya, wadda masu sana'ar ke kira kulonin: a kwafe tsohon rumbu sukutum zuwa sabo, a cire tsohon a sa sabon, kwamfuta ta tashi da komai a inda aka bar shi, har hoton da ke bangon allo.

Kafin a kai ga yadda ake yi, ya kamata a san abin da ake gudu da abin da ake nema. Tsohon rumbu, wato HDD, faifai ne na gaske da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai da komo a kansa yana karanta maganaɗisu. Asalinsa na kamfanin IBM ne a 1956, mai faifai 50 manya-manya, kuma duk girmansa bai kai ya riƙe megabait 5 ba. Duk ci gaban da aka samu tun daga lokacin bai raba shi da halinsa na asali ba: kafin a karanta komai sai hannun ya tafi wurin, sai faifan ya juyo. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙananan ƙwayoyin lantarki ne irin na filas, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Faifan laftof kan karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA ya kai 550, mai NVMe kuma ya haura 3,000. Sai dai ba wannan ne ke sa mutum ya ji kamar an sauya masa kwamfuta ba. Lokacin tashi, Windows na neman dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, kuma inda faifai ke ɓata kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa wajen lalubo kowane ɗaya, SSD na yin hakan cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan lokacin ba.

To me ya hana a jona sabon rumbu a kwafe fayilolin C: da hannu, yadda ake kwafar waƙoƙi zuwa filas? Abin da ido ke gani a C: ba shi ne duka rumbun ba. A kwamfutar zamani mai Windows 10 ko 11, rumbun a rabe yake yanki-yanki, kuma yawancin yankunan a ɓoye suke. Na farko ɗan ƙarami ne, mai wajen megabait 100, ana kiransa EFI, kuma a nan ne fayilolin tada kwamfuta suke. Idan babu shi, a kunna na'ura sai baƙin allo. Bayansa akwai wani mai megabait 16 da Microsoft ta keɓe wa kanta. Sannan C: ɗin da kowa ya sani. A ƙarshe sai yankin farfaɗowa, mai 'yan ɗaruruwan megabait, inda kayan gyaran Windows suke idan ta ƙi tashi. A farkon rumbun kuma akwai jadawalin da ke faɗin inda kowane yanki ya fara da inda ya tsaya. Kwafin hannu ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ko a cikin C: akwai fayilolin da Windows ke riƙe da su gam muddin tana aiki. Manhajar kulonin tana sauka ƙasa da matakin fayil ne, ta ɗauki jadawalin da yankunan gaba ɗaya.

Dabarar ta daɗe. A 1995 wani ɗan ƙasar New Zealand, Murray Haszard, ya rubuta manhajar Ghost a birnin Auckland, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, kuma shekaru da yawa ita ce abin dogaron ofisoshi da makarantun da ke son shirya kwamfuta ɗaya su maimaita ta a kan ɗari. Har yau da irin wannan dabara ake shirya ɗakunan kwamfuta masu na'urori iri ɗaya.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. SSD ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai inci 2.5, mai siffar tsohon faifan laftof, wanda ke shiga gurbinsa daidai. Akwai kuma siririn da ake kira M.2, wanda aka fi samu a girman 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Matsalar ita ce M.2 siffa ce kawai: wani SATA ne a ciki, wani NVMe, kuma akwai laftof ɗin da gurbinsa ɗaya kaɗai yake karɓa. Mutum na iya sayen mai tsada ya sa, ya shiga lafiya lau, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Maganin shi ne a nemi littafin wannan samfurin na laftof a shafin kamfaninsa, ko a buɗe bayansa a duba abin da ke ciki kafin a fitar da kuɗi. Wasu na'urorin ma ba a sauya musu rumbu sam. Ƙananan laftof masu arha, masu gigabait 32 ko 64, galibi an liƙe ma'ajiyarsu da dalma a jikin babban allon da ke cikin na'urar, haka ma MacBook na shekarun baya-bayan nan.

Sai jabu. Akwai SSD ɗin da aka yi wa dabara ya riƙa cewa terabait 1 ko 2 ne, alhali ainihin abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Zai karɓi fayiloli ba musu, yana rubuta sababbi a kan tsofaffi, sai ranar buƙata a tarar duk sun lalace. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, tana cika rumbu da bayanai ta sake karanta su, ta fallasa gaskiyar girmansa. Tana cin sa'o'i, amma gara a ɓata su kafin a damƙa wa rumbun aikin shekaru. Kada dai a zargi mai shago idan sabon terabait 1 ya nuna gigabait 931 a Windows, ko mai 500 ya nuna 465. Kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirgawa, Windows kuma da 1,024, bambancin ke nan.

Shirin da ake yi kafin a danna komai shi ne rabin aikin. A fara da lafiyar tsohon rumbun, domin kulonin na tilasta masa karatu mai tsawo ba hutawa, kuma faifan da ya fara ƙara ko ɗaukewa yana iya mutuwa a tsakiyar aiki. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta rahoton da rumbu ke ajiyewa game da kansa, ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai damuwa. Wanda ya ga rawaya ya fara kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri tukuna, sannan a nemi kayan aiki irin ddrescue, wanda aka gina musamman don tsallake wuraren da suka lalace ya komo kansu daga baya. Ko da rumbun lafiyayye ne, ajiye kwafin abubuwan da ba su da madadi wajibi ne.

Na biyu shi ne makulli. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da BitLocker a kunne, tsarin da ke murɗe duk bayanan rumbu ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, kuma tun daga Windows 11 ta ƙarshen 2024 yakan kunna kansa a sabon zubi idan an shiga da asusun Microsoft. Masu kwamfuta da dama ba su ma san yana nan ba. Idan na'ura ta lura an taɓa mata kayan ciki, tana iya tsayawa a shuɗin allo ta nemi lamba mai alƙaluma 48, kuma idan babu lambar, babu gwanin da zai buɗe. Lambar tana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi, wanda a laftof ɗin hannu yana iya zama na wani mutum can daban. Saboda haka tun Windows na buɗe a shiga saitin BitLocker, a rubuta lambar a takarda, sannan a kashe shi a bar shi ya gama warware rumbun kafin a fara kwafi. Bayan an gama a mayar.

Na uku wuta. A jona sabon SSD ta ɗan akwati ko wayar USB, a ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. Gigabait 200 a gudun megabait 100 a daƙiƙa sun ɗan haura rabin sa'a, amma a tsohon ramin USB 2.0 sai a yi sa'a ɗaya da rabi ko fiye. Laftof mai mataccen batir, ko kwamfutar tebur da ba ta da UPS, idan aka ɗauke wuta a tsakiya sai a sake daga farko. Tsohon rumbun dai karanta shi kawai ake yi, don haka yawanci ba ya cutuwa.

Manhajojin aikin iri biyu ne. Akwai masu gudana a cikin Windows, suna dogara da wata hidimarta da ke ɗaukar hoton rumbu a daƙiƙa guda don a kwafa ko da fayiloli na buɗe. Samsung na da tata ta kyauta, amma sai sabon rumbun na Samsung ne take aiki. Crucial da Western Digital sun riƙa bai wa masu sayen kayansu wani nau'in Acronis bisa irin wannan sharaɗi. Macrium Reflect ta yi suna ƙwarai, sai dai kamfanin ya daina kula da nau'inta na kyauta tun farkon 2024. Iri na biyu su ne waɗanda ake ɗorawa a filas a tada kwamfuta da su, Windows na kwance ba ta motsi. Jagabansu Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka gina a wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan. Kyauta ce, ba ta zaɓen kamfani, tana kwafar Windows da Linux duka. Fuskarta dai rubutu ne zalla, don haka sabon shiga zai fi sakewa da Rescuezilla, mai hotuna da maɓallai.

Wuri mafi haɗari a aikin duka allo ɗaya ne: inda ake zaɓar rumbun da za a kwafa da wanda za a kwafa a kai. Duk abin da ke kan na biyun shafewa zai yi. Wanda ya juya su ya kwafe sabon rumbu fanko a kan tsohon, cikin daƙiƙoƙi ya rusa jadawalin da farkon bayanansa. A Clonezilla babu C: babu D:, sai sunaye irin sda da sdb da nvme0n1, kuma ba kullum na ciki ne ke zama na farko ba. Abin dogaro shi ne girma da sunan samfur da ke rubuce a gefen kowanne. Manhajar na tambaya sau biyu kafin ta fara, kuma tambayoyin sun cancanci a karanta su a natse. Mai gyaran da ke wannan mataki yana amsa waya, bai kamata a bar masa na'ura ba.

Idan kwafi ya kammala, a kashe kwamfuta, a zare caja, a cire tsohon rumbu, a sa sabon a gurbinsa. Tashin farko da sabon kaɗai ake yi. Rumbunan biyu yanzu lambar shaida ɗaya suke ɗauke da ita, kuma idan Windows ta gan su tare takan kashe ɗaya, ko kwamfutar ta ci gaba da tashi daga tsohon mai ita yana zaton sabon ne ke aiki. Wani lokaci, musamman idan daga SATA aka koma NVMe, shuɗin allo kan fito yana cewa ba a iya kaiwa ga rumbun tashi ba. Sau da yawa shiga yanayin Safe Mode sau ɗaya na sa Windows ta ɗauko direbar da ta dace. Lasisin Windows kuwa da babban allon kwamfuta aka ɗaure shi, don haka sauya rumbu ba ya cika taɓa shi. Wasu manhajojin kuɗi dai na iya neman a sake shigar da lambarsu.

Ga inda mutane suka fi yin cirko-cirko. An sayi terabait 1, an kwafa, kwamfuta ta tashi da gudu, a buɗe C: a tarar har yanzu gigabait 237 take nunawa, sandar nan ja tana nan daram. Ba cuta aka yi ba. Manhajar ta kwafi yankunan da girmansu na dā ne, ragowar sararin yana can ƙarshe ba a ba kowa ba. Sai a buɗe Disk Management na Windows don a faɗaɗa C:, a tarar umarnin Extend Volume a dushe, ba ya dannuwa. Dalili shi ne Windows ba ta faɗaɗa yanki sai sararin yana manne da shi ta dama, ga shi kuma yankin farfaɗowa ya tsaya a tsakani. Kamar mai gida ne da ya sayi fili a bayan gidansa, amma ɗan shagon maƙwabci ya raba katangarsa da filin: sai an matsar da shagon can ƙarshe kafin a ja katanga. Matsarwar aikin manhaja irin GParted ce, wadda ita ma daga filas ake tada ta: a ja yankin farfaɗowa zuwa ƙarshen rumbu, a miƙe C: ta cike gurbin. Wasu kan share yankin don su huta, amma sun zubar da kayan gyaran da za su nema ranar da Windows ta ƙi tashi. Mafi sauƙi shi ne a daidaita girman tun lokacin kwafi, domin yawancin manhajojin suna ba da damar hakan kafin a danna fara. Wanda kuma ya fi son raba Windows da fayilolinsa yana iya mai da sararin ya zama D:.

Tsofaffin kwamfutoci na da ƙarin tarko. Jadawalinsu na tsohon tsari ne, MBR, wanda ba ya gane abin da ya wuce terabait 2 kuma yankuna huɗu na asali kawai yake ɗauka. Kulonin na kwafo jadawalin yadda yake, don haka SSD mai terabait 4 zai zama rabinsa a banza. Sabon tsari, GPT, ba shi da wannan iyaka, kuma tun 2017 Windows 10 na zuwa da wani umarni mai suna MBR2GPT da ke juya rumbu ba tare da share komai ba, muddin kwamfutar na iya tashi ta tsarin UEFI.

Kula da sabon rumbun ba wuya. Tun daga Windows 7 tsarin na gane SSD, yana aika masa umarnin TRIM da ke sanar da shi wuraren da aka share, don haka babu buƙatar tsofaffin manhajojin tattara fayiloli. Tsoron cewa rubutu na cinye shi ma ya wuce kima: Samsung 870 EVO mai terabait 1, alal misali, garantinsa shekara 5 ne ko rubutun terabait 600, kuma mai rubuta gigabait 50 kullum sai ya haura shekara 30 kafin ya kai nan. Abin tsoro na gaske daban ne. SSD kan mutu farat ɗaya ba tare da ƙarar gargaɗi ba, kuma saboda TRIM, fayil ɗin da aka share bisa kuskure da wuya a dawo da shi.

Ba kowace kwamfuta ce ta dace da kulonin ba, kuma mai gyara na gari zai faɗi haka. Kwafi ba ya tacewa. Idan tsohuwar Windows cike take da bairos, ko fasasshiya ce da ba ta karɓar sabuntawa, da ciwonta za ta koma sabon rumbu, sai dai ta riƙa yinsa da sauri. A nan zubi daga farko ya fi. Haka nan SSD ba ya mai da tsohuwar na'ura ta cancanci Windows 11, wadda ke neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, galibi injin ƙarni na 8 zuwa sama, ga shi kuma Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk da haka, laftof mai shekara bakwai ko takwas da aka sauya wa rumbu kan ci gaba da aikin ofis da makaranta ba gardama, a kan kuɗin da bai kusa na sabuwar na'ura ba.

Saura tsohon rumbun. Kada a bar shi a shagon gyara, kada a yarda a karɓe shi a matsayin ragin kuɗin aiki. Komai na mai shi yana ciki: hotunan iyali, takardun banki, kalmomin sirri, kuma idan an kashe BitLocker don kwafi, a buɗe suke ga duk wanda ya jona shi. A kai shi gida a ajiye mako biyu ko uku ba a taɓa ba, har a tabbata firinta na bugawa, manhajar lissafi na buɗewa, babu fayil da ya ɓace. Idan wani abu ya faskara, mayar da shi gurbinsa aikin minti goma ne. Bayan nan akwatin USB ɗin da aka yi kwafi da shi, idan siffarsu ɗaya, zai mai da shi wurin ajiyar ko-ta-kwana. Mai niyyar sayar da shi ko bayar da shi kuma ya sani fomatin na gaggawa ba ya goge bayanai daga faifai mai juyawa, jadawalin fayiloli kawai yake sharewa. Sai an cire alamar gaggawar an yi cikakken fomatin, wanda tun daga Windows Vista yake bin yankin gaba ɗaya yana rubuta sifiri a kai, aikin da kan ci sa'a ɗaya zuwa biyu a faifai mai gigabait 500.